Kwikwiyon da Na Zaɓar wa Baba Ishaya

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin dabbobi, kuma yawancin ranakun sun bi ruwa, ko tsare ni aka yi ba zan iya kawo su ba. Amma ranar da na tsuguna a tsakar gidan Baba Ishaya na nuna wani kwikwiyo da yatsa na ce, "Wannan za ka ɗauka," ita kam ta ƙi barina. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku ofis, to shi zan ba ku. Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ba mai daɗi ba ne, kuma ba ni ne gwarzon cikinsa ba.

A lokacin na kai shekara goma sha takwas a aiki, amma shekarata ta biyu ke nan a Zuru. Daga wajen Argungu aka dawo da ni nan. Muƙamina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, likita shi ne wanda ya yi jami'a, shi ke da ikon yin fiɗa da ba da allurar barci. Mu na ƙasa da shi, namu riga-kafi ne, da wanke ciwo, da maganin tsutsa, da duba nama a mahauta. Sai dai a ƙauye duk wanda ya rataya jaka da sirinji sunansa likita, mu kuma ba mu cika gyara wa mutane ba, don sunan yana da daɗi a kunne.

Shanu na sani, wannan ba yabon kai ba ne. In saniya ta yi tari daga bayan garke, zan gaya maka abin da ke damunta. Kare ne ban sani ba. A gidanmu kare ko zaure ba ya shiga, to ina zan san shi? Da na zo nan na tarar kusan kowane gida a gindin duwatsun nan da karensa, sai na nemi a tura ni kwas na wata uku a wajen Jos. Na dawo da takarda da wani littafi mai hotunan karnukan tsere na Turawa, da kumburarren kai. Ɗan sanin da bai kai ya kawo ba, ya fi jahilci haɗari, kuma irinsa na ɗauko.

Baba Ishaya manomi ne kuma mafarauci, Badakkare, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Ribah. Ya haura saba'in, yana ɗan jan ƙafar hagu. Farautarsa ba ta wasa ba ce. Zomo ke cinye masa ganyen wake da gyaɗa, yanyawa ke kwashe masa kaji, in kuma rani ya yi naman zomon shi ne miyarsa. Mutum irin wannan, kare a wurinsa kamar garma yake.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Yohanna, soja. An taɓa ajiye Yohanna aiki a wajen iyakar Nijar, da ya zo hutu sai ya taho wa ubansa da wani kare da ya samo a hannun Buzaye. Dogo, siriri, launin yashi, ana ƙirga haƙarƙarinsa ko ya ƙoshi. Ya sa masa suna Kofur. Daga baya aka mayar da Yohanna bakin daga can gabas, bayan 'yan watanni saƙo ya zo cewa ya rasu, kuma can aka binne shi. Kofur ya zauna da tsohon har farkon damina, maciji ya sare shi a gona ya mutu. Amma kafin nan ya riga ya barbari wata jar karya ta Baba, irin tamu ta gida, gajera mai kauri. Ta haifi biyar, 'yan ruwa biyu. Ita ma ta tsufa, kowa ya san haihuwarta ta ƙarshe ke nan. Don haka abin da ya rage wa tsohon nan daga ɗansa, in ka cire akwatin ƙarfe ɗaya, kwikwiyoyin nan ne.

Mafarautan wajen suna da al'ada. In karyar ɗayansu ta haihu, ba ya riƙe duka, don ba mai iya ciyar da su. Mai karya shi ke fara zaɓar ɗaya, a tsaga masa kunne da alamar gidansa, sauran a raba wa abokan farauta. In wuƙa ta taɓa kunne magana ta ƙare, babu musanya. Ni kuwa a ranar, riga-kafin haukan kare ne ya kai ni ƙauyen, ban san ranar zaɓe ba ce. Na gama yi wa manyan karnuka allura, ina wanke hannu, sai Baba ya ce, "Likita, tunda Allah ya kawo ka, zauna ka ga yara."

Na zauna. Tsofaffi uku na zaune a kan kututture, sai taba suke sha. Baba ya ɗauki kwikwiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya kifar da kowanne ya danna tafin ƙafarsa da babban yatsa. Ya tsunkuli fatar ciki ya ja, ya saki. Sannan ya ɗauko busasshiyar fatar zomo ya ja ta a ƙasa, ya zagaya bayan rumbu ya ɓoye. Uku bai ɓata lokaci a kansu ba. Saura biyu, duka maza.

Na farko uwarsa ya biyo. Ja ne, ƙafafu masu kauri, fata kamar ta jaki, sai dai ya fi uwar tsawo kaɗan. Shi ne ya sa hanci a ƙasa ya bi sawun fatar har bayan rumbu. Na biyun kuwa ubansa ne sak. Launin yashi, ƙirji mai zurfi, ƙugu a tsuke, ƙafafu kamar sandunan gora. Shi bai sunsuni ƙasa ba ko sau ɗaya, amma da wata kaza ta gilma a can bakin danga, kafin a ce kwabo yana kanta.

Baba ya daɗe yana kallon na biyun. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki jan.

Ni kuma bakina ya ƙi zama. Na ce, "Haba Baba, ga kare ka ɗauki karabiti? Dubi ƙirjin wancan. Nan huhu yake, nan gudu yake. Wannan ruwa biyun shi Turawa ke nema da gangan, su haɗa mai gudu da mai juriya don zomo da yanyawa. Kai Allah ya ba ka a ɓagas."

Ya ce, "Likita, gudunsa na gani. Amma wancan karen ido ne, na ƙasar da babu komai sai yashi, ka hango zomo tun daga nesa. Nan zomo ba ya dogon gudu, taku ashirin ya shige dutse. Yanyawa kuma rami take faɗawa. Nan hanci ke ci."

Na ce ai ana koya wa kare bin sawu.

Ya ce, "Ana koya masa. Fata fa? Taɓa ka ji."

Na taɓa. Gaskiya fatar cikinsa ba ta fi ta ɗan tsako kauri ba. Baba ya nuna mini gonar da ke bayan gida da haɓa. Ya ce in an girbe dawa a nan, a karkace ake sare kara, tushiyar ta tsaya a ƙasa da tsini. Karen gida yana ratsa ta a hankali. Mai gudu irin wannan ba ya ganin ƙasa in ya sa zomo a gaba. Ya ce Kofur ma bai taɓa sakinsa a gonar dawa ba, sai a fadama.

Mai hankali da ya ji wannan sai ya yi shiru. Amma tsofaffin nan uku suna kallona, ɗaya har yana murmushi, ni kuma ga jaka, ga takardar kwas da ko wata biyu ba ta yi ba. Na ji ba zan yarda a ce tsohon ƙauye ya kayar da ni a kan dabba ba. Hujja ta ƙare mini, sai na ɗauko abin da ba hujja ba. Na nuna mai launin yashin na ce, "Baba, wannan za ka ɗauka. Wannan shi ne karen Yohanna. Za ka iya ganinsa kullum yana bin wani mutum zuwa wani gida?"

Mai murmushin nan ya sunkuyar da kai. Baba ya riƙe jan kwikwiyon a ƙirjinsa na ɗan lokaci, sannan ya ajiye shi a hankali. Ya ce, "Kai ka yi karatu." Ya ɗauki ɗayan, ya zaro wuƙa ya tsaga masa kunne. Ya sa masa suna Kurtu, ya ce tunda ubansa Kofur ne shi daga ƙasa zai fara.

Na hau babur ina jin na yi abin kirki. Wallahi haka na ji.

Shekara ɗaya da rabi kuwa kamar ni ke da gaskiya. Kurtu ya tashi abin kallo. A fadama ba zomon da ke tsere masa, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa ganinsa. Tsohon ya sake, ya koma hira da dariya. Kare a ɗakinsa yake kwana, in yana cin tuwo loma ɗaya tasa ɗaya ta Kurtu. Matarsa ta taɓa ce mini tun rasuwar Yohanna ba ta ji shi yana waƙa a gona ba sai yanzu. Sau biyu yana aiko mini da zabi har ofis. Ni kuma duk inda na zauna sai na ba da labarin yadda na zaɓar wa mafarauci kare.

Wata Laraba da hantsi, bayan girbin dawa, ina cikin ofis ina cike littafin aiki na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Baba ne a baya, ya rungumo Kurtu a cikin buhu, jini ya jiƙa masa wando har gwiwa. Yanyawa ce ta shigo ɗaukar kaza da sassafe, karen ya tsinke igiya ya bi ta, ta ratsa da shi gonar dawa. Tushiya ta kama shi daga hammata ta farke fatar har kusan cibiya.

Na kwantar da shi a tebur na duba. Ciwon yana da ban tsoro a ido, amma fata ce kawai da ɗan nama, bai shiga ciki ba. Dasashinsa da sauran ja, wato jinin da ya zubar bai kai na halaka ba. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa. Karen nan da ƙafarsa ya kamata ya koma gida.

Likitanmu yana Birnin Kebbi wajen taro, sai Juma'a zai dawo. Abin da ƙa'ida ta ba ni iko shi ne in wanke ciwon, in yi allurar kashe zafi a gefen fatar, a riƙe mini shi in ɗinke. Baba ma abin da ya ce ke nan. Ya ce, "Ka ɗaure masa baki, ni zan riƙe kai, mai babur ya riƙe ƙafa. Haka muke ɗinke su a gida. Zai yi kuka amma zai tashi."

Na ce, "Baba, nan asibiti ne, ba a yin haka a nan."

Makullin kabad ɗin magani yana hannuna. A ciki akwai allurar barci, irin ta da wadda ake yi a jijiya. Na sha ganin likita yana yi wa karnuka, na kuma san lissafin. Na rataya Kurtu a sikeli, na buɗe littafi, na ja daidai abin da aka rubuta wa nauyinsa. Ban yi kuskuren lissafi ba, kada ku ɗauka nan matsalar take. Na yi masa, ya yi laushi, na fara ɗinki. Na kai rabi sai ƙafarsa ta baya ta motsa. Na ce kada ya farka mini a tsakiyar aiki, na ƙara masa kaɗan. Na gama. Ban taɓa yin ɗinki mai kyan wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban sani ba a ranar. Irin wannan maganin, ba ƙarewa yake yi ya sa dabba ta farka ba. Barin jini yake yi ya shige cikin kitse, sai ƙwaƙwalwa ta samu sarari, daga baya hanta ta ci shi a hankali. Karen gida yana da kitsen da zai karɓe shi. Karnukan gudu irin na Buzaye ba su da shi, fata ce da tsoka da ƙashi, kuma hantarsu ba ta saurin cin maganin. Sai ya yi ta yawo a jini ba inda za shi. Yana cikin littafin nan nawa, a wani shafi can gaba da hotunan. Ni hotunan na tsaya kallo.

Na ce wa Baba nan da rabin awa zai ɗaga kai. Ya zauna a benci, na ɗora masa karen a cinya. Rabin awa ta wuce. Awa ɗaya ta wuce. Mai kabu-kabu ya gaji ya tafi. Baba ya ce, "Likita, jikinsa na sanyi." Na ce haka suke yi, zai tashi. Ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya zauna daga shi sai singileti. Aka kira azahar, na je na yi salla, ban san abin da na karanta ba. Na dawo na tarar yana shafa kunnen nan mai tsaga yana yi masa magana da yarensu a hankali. Numfashin ya koma sama-sama, sai ka ƙirga biyar kafin wani ya zo.

Na fita bayan ofis na kira likita a waya. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Wane irin kare ne?"

Na ce ruwa biyu ne, ubansa na Buzaye.

Ya ce, "Siriri? Ana ganin haƙarƙarinsa?"

Na ce e.

Ya ce, "Ka ƙara masa bayan ta farko?"

Na ce na ƙara.

Ya ja tsaki. Sannan ya ce, "Wa ya ba ka izinin buɗe kabad ɗin nan? Bar shi, ba yanzu ba. Ka sa masa ruwa a jijiya, ka ɗumama shi, kada ka matsa daga kansa. Sauran na Allah ne."

Na yi duk abin da ya ce. Na cika kwalabe da ruwan ɗumi na jera masa a ciki. Gab da la'asar ya ja wani dogon numfashi, na jira na gaba bai zo ba. Na kwantar da shi a tebur ina danna ƙirjinsa, ina dannawa, har zufa ta rufe mini ido. Sai na ji hannun tsohon a kafaɗata. Ya ce, "Bar shi, likita. Ya isa."

Bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon ɗinkin, sannan ya tambaye ni, "Mene ne ya kashe shi?"

A nan na yi abin da ya fi duk na baya muni. Na ce, "Jini ne, Baba. Ya zubar da jini da yawa kafin ku iso."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na sani. Igiyar ta tsufa, tun makon jiya nake cewa zan canja. Kuma na tsaya neman babur. Ni na kashe shi." Har godiya ya yi mini, ya ce na yi iyakar ƙoƙarina. Na gaya masa a binne shi da zurfi, kada wata dabba ta taɓa naman saboda magani. Ya naɗe shi a rigar, ya ƙi a kira masa kabu-kabu, ya saɓa shi a kafaɗa ya kama hanya da ƙafa yana jan ta hagun nan. A littafin aiki, wurin dalilin mutuwa, na rubuta zubar jini.

Ranar Juma'a likita ya dawo ya karanta. Ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Na ɗauka takardar tuhuma zai ba ni, kuma ya ba ni, na amsa ta, aka yi mini gargaɗi a rubuce, aka karɓe makullin. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ya juyo da littafin ya sa yatsa a kan layin ya ce, "Wannan ka gyara shi da hannunka. Mai karen fa, me ka gaya masa?" Na gaya masa. Ya ce, "To wannan ba a ofis ake gyara shi ba, ni kuma ba zan tilasta ka ba."

Mako uku ina kewaye hanyar Ribah. In aiki ya kama a wajen sai in tura wani. Sai ran nan matar Baba ta zo kasuwa, ta biyo ta ofis karɓar maganin kaji. Na tambaye ta jikin tsoho. Ta ce, "Yana nan, sai dai ba ya cin abinci. Ya ɗauki guntun igiyar nan ya sa a aljihu, ko coci da ita yake zuwa. Ya ce Yohanna ya ba shi amana ɗaya ya kasa riƙewa."

Washegari da safe na hau babur. Na same shi a gindin rumbu yana zaune, ya rame har wuyansa ya fito. Muka gaisa, aka kawo mini ruwa. Na ce, "Baba, na zo ne in gaya maka ƙarya na yi maka." Na faɗa masa duka. Na ce ciwon ba na mutuwa ba ne. Na ce da na bi maganarsa aka riƙe karen na ɗinke, da yanzu yana kwance a nan. Na ce allurar da na yi ba hurumina ba ce, kuma ita ta kashe shi, ba igiya ba, ba jinkirin babur ba. Na ce tun ranar zaɓe ma shi ke da gaskiya, na san hujjata ta ƙare, shi ya sa na ambaci sunan Yohanna. Na ce ya yafe mini.

Ya zaro guntun igiyar daga aljihu ya jujjuya ta, ya ajiye a ƙasa. Sannan ya ce, "Zaɓen kada ka ɗauke shi duka. Ni ma shi raina ke so, kai ka dai faɗa da baki." Ya ɗago ya dube ni. "Amma allurar, na ce maka mu riƙe shi."

Na ce, "Ka faɗa, Baba."

Ya ce, "Na faɗa."

A nan hawayen suka zo masa, bai kuma share su ba. Ni ma ban iya ɗaga kai ba. Can ya ce, "Barcin nan da ya yi, ya ji zafi?" Na ce a'a, wannan kam zan iya rantsuwa, bai ji komai ba, kuma a cinyarka yake har kusan ƙarshe. Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Ko ba komai na san yadda wannan ya tafi. Na Yohanna har yau ba wanda ya zo ya zauna a nan ya gaya mini."

Ya raka ni har inda na ajiye babur. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga ina da bakin roƙo sau biyu ba. Matarsa ta ce mini daga baya a ranar ya ci tuwo.

To, ku da za ku ci gaba da aikin nan, ga abin da na samu, ku ɗauka ko ku bari. In mafarauci ya zo neman shawara a kan ruwa biyu, kada ku fara da ƙirji da ƙafa. Ku tambaye shi a ina zai sake shi, dutse ne ko fadama, me ake nomawa a wurin, yaya ake girbe shi. In kare siriri ya hau teburinku, ku koma littafi ko da kun haddace lissafin, kuma abin da ba huruminku ba ku bar shi a kabad. Mai dabba in ya yi magana ku saurara, don ku shafi kuka karanta a kanta, shi kwana yake da ita. Na kuma roƙe ku, duk yadda gardama ta yi zafi, kada ku taɓa kayar da mutum da mamacinsa.

In kuwa dabba ta mutu a hannunku, ku faɗi gaskiya tun tana kan tebur. Mutanen nan in ba ka ba su dalili ba, kansu suke ɗora wa, su tafi da shi gida su kwana da shi. Ni mako uku na bar tsoho da kayan da ba nasa ba.

Abokan farautarsa sun yi ta kawo masa kwikwiyo, yana mayarwa. Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma duka biyun ina wucewa ta gefen gonarsa in ga zomaye sun aske masa wake har ƙasa. Bai sake ajiye kare ba.